Tafintan Gidanmu

Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Yau kwana arba'in ke nan da aka kai surukina makwancinsa, mahaifin maigidana, wanda kowa a gidan nan yake kira Baba. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu don ya kwanta dama ba. Na zauna rubuta wannan ne saboda na ga yadda garin nan yake cinye mutum. A yi jana'iza ranar Juma'a, ranar Litinin kowa ya kama jirgin ƙasa ya tafi aiki, bayan wata biyu sai ka rantse ba a taɓa yin mutumin ba. Ni kam ba zan bari a yi wa Baba haka ba.

Da muka zauna karɓar gaisuwa a flat ɗinmu na Abbey Wood a nan London, takalman mutane sai da suka cika baranda har bakin matakala. Rabinsu ban san su ba. Na ɗauka abokan aikin maigidan ne daga asibiti, ashe mutanen Baba ne. Wata mata ta ce shi ya raka ta makarantar ɗanta ranar ganawa da malamai, ya zauna kusa da ita yana gaya mata abin da malamar take nufi, ba abin da take faɗa kawai ba. Wani ɗalibi ya ce Baba ya taɓa tsare shi a masallaci ya sa shi sake rubuta wasiƙa sau uku. Maigidan kuwa yana gefe, in an yi masa gaisuwa sai ya gyaɗa kai ya shafa addu'a.

Ranar uku wani dattijo ɗan Gana ya zo, mutumin zango, mai gadi a wani kanti a Tottenham. Jirgin ƙasa biyu ya hawo da sandarsa. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya da sauti, sannan ya ce, "Wannan tsoho, duk letter da hukuman council ya kawo mini, shi ke karanta. Zai ce mini, wannan layi tsoro kawai suna ba ka, wannan layi kuma gaskiya ne, tashi ka je." Ya share fuska da hularsa, ya waiga yana neman wani abu a ɗakin. "Ina yarinyan nan da yake karatu da shi? Ya ci jarrabawan?"

Yarinyar da yake nufi 'yata ce ta fari, mai shekara goma sha shida. Tana ɗaki ta kulle kanta tun ranar rasuwar. Saura kwana shida ta sake zana jarrabawar Turanci da ta faɗi, wadda in ba ta ci ba kwalejin za ta karɓe gurbin da aka ba ta na karatun kimiyya, kuma da safiyar nan ta gaya wa mahaifinta ta bayan ƙofa cewa ba za ta shiga ba. Ni ko ta bayan ƙofar ba ta yi mini magana. Wanda yake shiga tsakaninmu ya ɗauko maganata ya kai mata, ya ɗauko tata ya kawo mini, shi ne muka binne.

Sai na koma baya kaɗan don a gane yadda aka yi uwa da 'ya suka zama sai da tafinta.

Da na haife ta a Zariya, sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata. Kun ga an haɗa mini kunya biyu ke nan: 'yar fari ce, ga kuma sunan surukata. Yadda aka rene ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Uwata haka ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, kuma duk mun san shi ne sanyin idonta. Da aka yaye yarinyar sai kakanninta suka ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Maigidan ya samu aikin likita a nan, na biyo shi, na haifi ƙannenta biyu a London. Su kam ina kiran sunansu tun daga kicin, ina rungume su a ƙofar makaranta kamar sauran iyaye, in na yi musu Hausa su mayar mini da Turanci. Ita tana can wurin kakanni har ta kai goma sha uku. Da tsohuwar ta rasu, ciwon zuciya kuma ya taso wa Baba, sai aka ɗauko su tare a jirgi ɗaya.

Na tare ta a filin jirgi, ina ɗokin ganinta kamar me, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, riƙe wa Baba jakarsa." Wallahi shi ke nan abin da na iya faɗa. Shekara uku muka yi a haka, daga "ke" sai "yarinyar nan". Baba kuwa saboda sunan matarsa da ta ci, Uwargida yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsohon miji mai rowa.

Baba tafinta ne na kotu tun yana saurayi, tun zamanin da sauran Turawa ba su gama barin kujerun shari'a a Arewa ba. Turancinsa irin na da ne, mai sitaci. A nan London ba abin da ya canza a shigarsa sai rigar sanyi da yake cusawa a ƙarƙashin babbar riga. Kujerarsa tana jikin hita mai ɗumama ɗaki, butarsa a gefe, jan biro a aljihun gaba. Ba ya wuce rubutu bai karanta ba, ko na jikin kwalin madara ne. In ya fita sai ya dawo da jaridar kyauta ta tasha, ya zauna da almakashi yana yanke abin da ya ga zai yi amfani. Yakan ce mutanen garin nan ba sa faɗin abin da suke nufi, sai dai su ajiye shi a kusa da maganar, mai ido ya ɗauka.

Da sakamakon jarrabawar farko ya fito, yarinyar ta ci lissafi da kimiyya ci mai kyau, Turanci ya kayar da ita. Abin ya ɗaure mini kai, don in tana magana da ƙawayenta ba za ka ce ba a nan aka haife ta ba. Ɓangaren da ake ba su labari su karanta, a tambaye su me wane yake ji, me marubuci yake son nunawa, a nan take zubewa. Ni da zafin kaina na yanke cewa kalmomi ne ba su ishe ta ba. Ina dawowa daga kantin magani da nake aiki a Stratford, sai in liƙa mata kalma ashirin a jikin firij, in ce kafin magariba ta haddace. Na kuma yi mata booking ɗin wani mai lesson da yake koyarwa ta kwamfuta. Baba ya tsaya gaban firij ɗin ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, sannan ya ce mini, cikin ladabinsa da yake ƙona rai, kalma ba tsakuwa ba ce da za a tara a gwangwani. Ya ce in ba shi ita bayan la'asar kullum.

Hanyarsa dabam ce. Ya sayo littafin rubutu, ya ce duk sabuwar kalma sai an nemo mata mai ita a cikin mutanen da suka sani, in ba haka ba ba za ta zauna a kai ba. Stubborn, mai taurin kai, ya ce wannan ta Uwargida ce, ba gardama. Ita kuma da suka iso nosy, mai shiga sharo ba shanu, ta karɓe biron ta rubuta Baba a gaban kalmar. Reluctant suka ba maigidan, saboda yadda yake jan ƙafa in an ce ya sauke shara. Ina kicin ina jin dariyarsu, ina jin daɗi, ina kuma jin kishi, don ni ba ta taɓa yin irin wannan dariyar da ni ba.

In an zo labari kuwa, sai ya sa ta karanta a fili sau uku, ya kife takardar, ya tambaye ta wa ya yi, me ya yi, wa ya gani. Duk amsar da ta bayar sai ya buga yatsa a teburi ya ce, "Ina shaida?" Dole ta buɗe ta ɗora yatsa a kan layin da ya nuna haka. In ba layi, ba magana. Har a jirgi ba ya ƙyale ta. Za su je asibiti a duba shi, sai ya zungure ta ya nuna mata wani da ido, ya tambaye ta me ke damun wancan, in ta faɗa ya ce ina shaida. Ƙannenta har suka mayar da abin waƙa, in an ce wani ya shanye lemo sai ka ji sun haɗa baki da Hausarsu ta 'yan koyo suna neman shaida.

A wannan zaman ne ya gano ciwon. Akwai wani labari da yaro ya tsaya gaban shugaban makaranta kansa a ƙasa, aka tambaya me wannan ya nuna. Yarinyar ta rubuta cewa yaron mai tarbiyya ne. Takardar amsa ta ce alamar rashin gaskiya ce. Baba ya sake duba takardar. Ya cire tabarau ya goge. Daga nan ya ba mu labarin da ko ɗansa bai taɓa ji ba.

Ya ce yana sabon tafinta aka kawo wani manomi gaban alƙali Bature, ana tuhumarsa da satar buhunan gyaɗa. Mutumin ya durƙusa, idonsa a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda kowane talaka mai hankali zai yi a gaban babba. Baba ya ce duk kalmar da mutumin ya furta ya juya ta daidai, bai rage ba bai ƙara ba, har yana jin kansa. Da alƙali ya zo yanke hukunci sai ya ce bai yarda da mutumin ba, domin ko sau ɗaya ya kasa kallonsa ido cikin ido. Aka ɗaure shi. Baba ya ce yana tsaye a wurin, ya san abin da sunkuyar da kan yake nufi, jimla ɗaya ta isa, amma ya yi shiru saboda a ganinsa aikinsa kalmomi ne kawai. Bayan shekara aka kama ainihin ɓarawon. Manomin ya fito ya tarar gonarsa ta tafi.

"Na fassara bakinsa," in ji Baba, "ban fassara idonsa ba. Fiye da shekara sittin ke nan, ban yi sallar da ban tuna mutumin nan ba."

Tun daga ranar ya ƙara wata tambaya a kan ta shaida. Kafin ta amsa komai sai ta faɗi mutumin wane gari ne ya rubuta labarin, kuma a garinsu me wannan halin yake nufi. Ya ce mata karatunta na gida ba kuskure ba ne, kada ta yar da shi, amma ta san a gaban wane alƙali take tsaye. Makinta ya fara hawa. Har mai lesson ɗin ya turo saƙo yana yaba kansa, na karanta wa Baba, ya yi murmushi ya ce a bar shi ya ci.

Abin da ban hango ba shi ne, idon da aka buɗe mata don takarda zai juyo ya kalle ni.

Saura wata guda jarrabawa, mai lesson ya turo wani labari. Wata uwa ce ta raka 'yarta tashar jirgin ƙasa, yarinyar za ta tafi makarantar kwana. Uwar ba ta rungume ta ba, ba ta yi kuka ba, ba ta ko ambaci sunanta ba. Ta gyara mata maɓallin kwat, ta ce kada ta makara, ta juya. Tambayar ita ce wace irin uwa ce wannan. Ina yanka albasa a kicin, ƙofa a buɗe, na ji ta karanta wa Baba amsarta. Ta rubuta cewa uwar ba ta da ɗumi, ba ta damu da 'yar ba, ta kawo shaida layi uku, daidai da takardar amsa. Baba ya ce an ci maki. Sai ya tambaye ta da a Zariya take, me za ta ce. Ta ce da can za ta ce kunya ce, amma yanzu ta gane da can ɗin ne ba ta iya karatu ba. Ta juya harshe zuwa Turanci, yadda take yi in abu ya ci ta, ta ce ita ma tana da irin wannan uwar. Ta ce shekara uku tana gidan nan, malamai suna kiran sunanta, mai gadin makaranta yana kira, uwar da ta haife ta ko sau ɗaya. Ta ce a littafin kalmomi ta daɗe da sanin wa za ta ba kalmar cold, tsoron Baba ne ya hana ta rubutawa.

Wuƙar na ajiye don kada in yanke hannu. Ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, haushi ne ya fara zuwa kafin baƙin ciki. Ni da na yi shekara tara a London ba tare da ita ba, ina kuka a ɓoye duk ranar da aka turo hotonta?

Baba bai yi mata faɗa ba. Ya buga yatsa a teburi kamar kullum, ya ce ta kawo shaidar ɗaya ɓangaren, don ba a yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Ya tambaye ta wa yake ɗora mata takalmi a kan hita kafin ta tashi. Wa yake tsame mata tantaƙwashi a miya ya ɓoye kada ƙanne su gani. Wa ya canza lokacin aikinsa a Stratford don kada ta dawo ta tarar da gida ba kowa. Ya ce ta koma labarin ma ta duba, maɓallin da uwar ta gyara, a sakin layi na farko an ce ya tsinke, to wa ya ɗinke shi kafin safiya? Ta duba ta gani. Amma ta ce wannan duk aiki ne, ko mai aiki za ta yi. Ta tashi ta shige ɗaki.

Sai ya kira ni. Na zo na durƙusa a inda na saba, nesa da kujerarsa. Ya ce ya san na ji. Ya ce shaidata tana da ƙarfi, amma a garin nan shaida ba ta tsayawa sai an haɗa da baki, kuma yarinyar nan yanzu 'yar garin nan ce rabi. Ya ce in kira ta da sunanta.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba a shekara goma sha takwas na aure. Na mayar wa surukina magana. Na ce, "Baba, ku kuka karɓe ta tana shekara biyu, ban ce uffan ba, saboda haka aka ce ana yi. Ku kuka sa mata sunan da bakina ba zai iya ɗauka ba. Yanzu kuma ni ce mai laifi don na riƙe abin da kuka koya mana?" Sai da na kai ƙarshe. Na tashi ban jira an sallame ni ba.

Kwana huɗu daga gaisuwa ba abin da ya haɗa mu. Ina kai masa kununsa in ajiye, ya ce an gode, in fita. Ya ci gaba da zama da ita bayan la'asar, ya kuma ci gaba da abin da ya saba: ya gaya mata uwarki ta ce ki ci abinci kafin ki fita, alhali harara kawai na yi, ya gaya mini Uwargida ta ce miyar jiya ta yi daɗi, alhali kwanon kawai ta share. A lokacin ban ma lura aikin tafinta yake yi ba.

Rana ta biyar numfashinsa ya sarƙe bayan azahar, aka kira motar asibiti. Ya yi mako biyu a kwance. Ko a can sai da ya sa ta kawo takardun, tana karanta masa a gefen gado, shi kuma yana buga yatsa a kan bargo, don muryar ta yi ƙasa. Ana jibi zai rasu na je da rana ni kaɗai, na kai masa farfesun da na san ba zai iya sha ba. Na ja kujera can ƙarshen gadon, na sunkuyar da kai na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce maganata gaskiya ce, su suka ɗora mini, kuma na ɗauka da kyau, shi ne ya kamata ya nemi gafara. Ya huta, sannan ya ce:

"'Yata, ɗago ki dube ni."

Na ɗago. Ranar na fara ganin fuskar Baba sosai. Ashe yana da ɗan tabo a gefen gira, ashe idon yarinyar nan nasa ne sak.

"Sunan matata ne," ya ce. "Ni ne mai shi, na kuwa ba ki. Na yi shiru sau ɗaya an ɗaure mutum a gabana, ba zan sake ba. Ni na kusa tashi daga aiki. In na tafi ba mai fassara ki."

Na ce to, Baba. Amma ban yi ba. Na dawo gida na ga yarinyar, na buɗe baki, "ke" ce ta fito. Na ce gobe. Goben na ce jibi. Jibin da hantsi aka kira maigidan daga asibiti.

To, kun ji yadda aka yi tambayar dattijon nan ɗan Gana ta faɗi a ɗaki ba mai ɗauka. Bayan ya tafi mahaifinta ya yi lallashi, ya yi faɗa, gwaggonninta suka kira daga Zariya ɗaya bayan ɗaya. Amsarta ɗaya ce, wanda take yi dominsa ya tafi, a bar ta. Ni kuwa na yi abin da na iya. Na wanke mata kaya na goge, na zuba birori a 'yar jakar leda mai haske da ake shiga da ita, na ajiye abinci a bakin ƙofa ina ɗauke kwano. Shaida a kan shaida, ba mai karantawa.

Ranar jarrabawar gari ya waye da yayyafi. Na idar da sallah, na ɗora takalminta a kan hita, sai idona ya faɗa kan kujerar Baba, jan bironsa yana nan a kan hannun kujerar inda ya bar shi. Na je ƙofarta na tsaya. Wallahi na haihu sau uku, ban ji abin da na ji a tsayuwar nan ba. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na ji kamar surukata tana tsaye a bayana, da uwata, da duk matan da suka rene ni. Na ce a raina ku yafe mini, mai sunan ya ba ni. Na kira ta. Sunanta na yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Na sake kira, wannan karon da ƙarfi, har ƙannenta suka leƙo daga ɗakinsu.

Makulli ya motsa. Ta buɗe, fuskarta a kumbure, ta kalle ni ido cikin ido kamar yadda 'yan garin nan suke yi. Sannan a hankali ta sunkuyar da kai.

"Na'am, Mama."

Ban tsara komai ba, abin da ya zo shi na faɗa. Na ce mata ita ce ta fara mayar da ni uwa, kuma ba ranar da ta wuce a shekara taran nan ban kira sunan nan a cikin sujada ba, inda ba mai ji. Na ce ina son ta, da bakina na faɗa, da Hausa. Na ce in ta shiga jarrabawar ta faɗi, 'yata ce, in ta ci, 'yata ce, amma tsohon nan bai yi wata uku yana buga teburi don ta zauna a ɗaki ba. Ta wuce banɗaki, na ji ta kunna ruwa.

Ni na raka ta tasha. Muka tsaya a bakin dandamali cikin 'yan zuwa aiki, kowa da lemarsa. Na so in rungume ta, Allah ya sani, amma hannuna bai koyi wannan ba tukuna, ba a koyon komai a rana ɗaya. Da jirgin ya taho sai na ga kwat ɗinta a buɗe, na kama na saka mata maɓallin sama, na ce kada ta makara. Sai da maganar ta fita na tuna inda na taɓa jin ta. Ita ma ta tuna. Ta riƙe hannuna a kan maɓallin, ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

"Na gani, Mama," ta ce. "Shaida ce."

Sakamako bai fito ba tukuna, sai bayan sabuwar shekara. Ta ce labarin da aka ba su bai yi mata wuya ba, ta ɗora yatsa a kan kowane layi kafin ta rubuta. Yanzu ita take zama a kujerar jikin hita bayan la'asar, tana buga wa ƙannenta teburi. Ina kiran sunanta sau ɗaya ko biyu a rana, har yanzu da nauyi, amma yana fita.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya haɗa shi da uwargidansa ta fari a gidan da ba rabuwa. Ya Allah, ka yafe masa shirun da ya yi yana saurayi, ka sanya manomin nan ya yafe masa. Na san yadda zai tsaya a gabanka ranar da ba tafinta, kansa a ƙasa kamar yadda aka rene shi. Kai kuwa ka san abin da hakan yake nufi.